Mu daina saya ma yara injin wasan da ba mu iya zama mu kalla



Babban hutun lekol ya ƙarato, kuma kowane magidanci ya san abin da ke tafe. Wata uku cur yara suna gida, daga Yuli har ƙarshen Satumba. A irin wannan lokaci ne waɗanda Allah ya hore ma ke shiga kasuwa neman injin wasan tele, wannan da yara ke ce ma Play. Wasu kuma ɗan'uwa ne zai aiko musu daga Faransa, ko Amurka, ko Dubai. Mun ga yadda ake wannan sayayya, mu ma mun yi ta, kuma mu faɗa ma kanmu gaskiya: yawancinmu ido rufe muke yin ta.

Ga yadda abin ke tafiya. Uba ya shiga shago, babban ɗansa namiji na biye da shi. Uban bai san komai ba a harkar, kuma ba ya son a gane bai sani ba. Sai ya ce, "Ba ni wanda ake yayi." Mai shago ya dubi yaron, yaron ya nuna da baki. Sai ka ji an ce, "Alhaji, wannan an cika shi da wasanni, ba sai ka sayi faifai ba." Alhaji ya ji daɗi, ya biya, ya ɗauko. Bai tambayi sunan wasa ko ɗaya ba. Mutumin da in zai sayi ragon layya sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya latsa gadon baya, ya yi ciniki rabin awa, shi ne ke ɗauko akwatin da zai zauna da ƴaƴansa awa huɗu kullum, bai leƙa cikinsa ba.

Kwana biyun farko injin na falo. Kafin sati ya zagayo ya koma ɗakin samari. Ƙofa a rufe, abokai na shiga suna fita, takalma sun taru a bakin ƙofa kamar gidan suna. Ƙanne mata sai dai su ji ƙara ta taga. Uwa ta kira yaro aike, ya ce "ina zuwa", har miya ta ƙone bai zo ba. An kashe kuɗin gida gaba ɗaya, mutum ɗaya ke morewa, kuma babu babba ko ɗaya da ya san abin da ake kallo a ɗakin nan.

To bari mu faɗa muku abin da ake kallo. Ban da ƙwallo, wasannin da aka fi cika ma injinan nan su ne irin su GTA da Mortal Kombat. A GTA aikin ɗan wasa shi ne ya fizge mutum daga motarsa ya gudu da ita, ya harbi wanda ya tare shi, ya tsere ma ƴan sanda, da wasu abubuwan da ba za mu iya rubutawa nan ba saboda kunya. A Mortal Kombat kuwa, idan ka ka da abokin faɗa, sai a ba ka dama ka tsinke mishi kai jini na tsartuwa. Ba mu muka ce wasannin manya ne ba. Turawan da ke sayar da su da kansu suka buga lamba 18 a jikin kwalin.

Wannan lamba ya kamata kowane uba da kowace uwa su san ta kamar yadda suka san kuɗin buhun hatsi. A Turai tsarin sunansa PEGI, kuma matakai biyar ne: 3, 7, 12, 16 da 18. Na 3 da 7 kore ne, na 12 da 16 ruwan goro, na 18 ja wur. A bayan kwalin akwai ƙananan hotuna: dunƙulallen hannu na nufin duka da kisa, allura na nufin ƙwaya, gizo-gizo na nufin abin tsoro, ƴaƴan lido na nufin caca. Kayan Amurka haruffa suke sa wa: E na kowa da kowa, T na matasa, M na wanda ya kai 17. Ba sai ka yi lekol mai zurfi ba kafin ka gane ja da kore. Amma idan wasannin a cikin injin aka zuba su, babu kwali balle lamba, to nan ne ake cinikin biri a sama. Shi ya sa wannan kalma ta "an cika shi da wasanni", wadda ke faranta mana rai a shago, ita ce ya kamata ta fi tsorata mu.

Mun san akwai masu cewa, to ai magana ta ƙare, a hana kwata-kwata, kada injin nan ya shigo gida. Muna girmama su, domin da yawansu kishin tarbiyya ne ke sa su faɗin haka. Amma muna roƙonsu su zagaya unguwa bayan la'asar. Kusan kowace unguwa akwai gidan Play: ɗan shago ko rumfa, tele biyu ko uku, benci, yara cunkushe har waje. Dala goma, dala ashirin, a buga. Ina yaro ke samun kuɗin? Canjin aike ne, da kuɗin kalacin lekol, wani lokaci har da abin da ba a ba shi ba. Ba mu zargin masu wuraren nan, matasa ne masu neman na kansu. Sai dai yaro ɗan shekara tara na zaune kafaɗa da kafaɗa da ƙato ɗan ashirin, yana jin irin maganar da ake yi, yana ganin ana sa kuɗi a kan wasa. Wanda bai je can ba kuma yana cikin gidan sauro ƙarfe ɗayan dare da salular uwarsa, yana harbi a Free Fire, megar da ta saya don sana'arta na ƙarewa.

Uban da ke bugun ƙirji yana cewa "ni gidana ba a wannan", sau da yawa shi kaɗai ne bai san ɗansa gwani ne ba. Hani bai kore wasan ba, ya dai kai shi inda idonmu ba ya kaiwa.

Saboda haka ga matsayinmu, kuma a kansa muke. Tunda wasan nan ya riga ya shigo rayuwar yaranmu ko mun so ko mun ƙi, wanda zai saya ya sayi wanda za a yi a tsakiyar falo, gaban kowa, mace da namiji, babba da yaro. Kuma a cikin duk injinan da ake da su, waɗanda suka fi dacewa da haka su ne waɗanda ake bugawa da motsin jiki.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda suke. A wasan da muka saba gani, yaro na zaune, manet a hannu, yatsu biyu ne kawai ke aiki. A wannan kuwa sai ka miƙe tsaye. In tanis ne sai ka kai hannu kamar kana riƙe da faranti, in dambe ne sai ka kai naushi, mutum-mutuminka na cikin tele ya yi abin da ka yi. Kamfanin Nintendo na Japan ne ya yaɗa wannan salo da injinsa Wii a ƙarshen 2006, kuma an sayar da fiye da miliyan 100 a duniya. Abin da ya sa ya karɓu haka shi ne ya jawo mutanen da ba su taɓa riƙe manet ba. A Turai da Amurka har gidajen kula da tsofaffi aka riƙa sa shi. Da sauran kamfanoni suka ga haka sai suka biyo sahu a 2010: Sony ta fito da PlayStation Move, Microsoft ta fito da Kinect.

Me ya sa muka ce ya fi dacewa da gidajenmu? Dalilin farko, ba ya ɓoyuwa. Wasan da ke buƙatar fili, a ture tebur, a naɗe tabarma, ba a yin sa a lungu cikin duhu. Dole a yi shi inda tele babba take, inda uwa ke wucewa, inda uba ke shan shayi. Ba sai ka zama ɗan sanda a gidanka ba, idonka na kai ko ba ka yi niyya ba.

Na biyu, kowa na iyawa. Manet ɗin Play maɓallai ne fiye da goma, wanda bai saba ba sai ya ji kamar an ba shi jirgi ya tuƙa, shi ya sa ƙanana da mata ke ja da baya, yaya ya zama sarki. Amma wa bai iya kai hannu ba? A cikin Wii Sports akwai wasan mirgina ƙwallo a ka da turaku goma, mutum huɗu na yin sa da manet guda, kowa ya jefa ya miƙa ma na gaba. A gidan ɗaya daga cikinmu, kaka ce ta riƙe kambun wannan wasa har sati biyu, jikoki na ihu suna cewa hannun daka ne ke taimakonta.

Nan muke son mu tsaya kaɗan a kan ɗiya mata, domin su ne ake zalunta a wannan harka ba tare da kowa ya lura ba. Yaro namiji na da fili, yana da ƙwallo, yana da fada, yana da gidan Play. Yarinya daga ta kai shekara goma sha, an ce ta girma, ta bar gaɗa, ta bar guje-guje, sai wanke-wanke da raino. Sannan a ɗauko kuɗin gida, wanda ita ma tana da haƙƙi a ciki, a sayi abin wasa a kai ɗakin yayanta. In ta leƙa a ce "ke fita, ba na mata ba ne". Wace doka ce ta ce haka? Injin da ake yi da jiki a falo na ba ta damar ta yi tsalle, ta yi dariya, ta ka da yayanta a tanis, a cikin gidan ubanta, gaban uwarta. Wallahi ko don wannan kaɗai ya isa dalili.

Na uku, wasan na da ƙarshe. Wanda ke zaune yana latsawa na iya kai wa asuba bai ji komai ba. Wanda ya yi dambe zagaye uku a tsaye, hannu zai yi nauyi, zufa ta karyo, da kansa zai ce wani ya karɓa. Jiran layi da miƙa ma ƙane ma tarbiyya ce.

Na huɗu, wuta da intanet. Wii ba ya cin ko wat 20, ƙaramin sola da batirin da ke ɗaukar tele na iya ɗaukarsa. PlayStation 5 kuwa wajen wat 200 take ja idan ana wasa. Mu da muka san yadda wuta ke yi mana a watan Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Sannan Wii ba ya buƙatar intanet, kamfanin ma ya rufe hidimarsa ta intanet tun 2014. Wasu na ganin wannan naƙasu ne. Mu a wurinmu alheri ne: babu baƙon da zai yi hira da ɗanka daga wata ƙasa, babu sayen kaya a cikin wasa, babu mega da za ta ƙare.

Yanzu mu zo kan zaɓi, domin ba mu son mu yi faɗa mu tafi ba mu bar muku abin riƙewa ba.

Wii shi ne mafi sauƙin kuɗi, amma a sani an daɗe da daina ƙera shi, duk wanda ka gani a kasuwa na hannu ne, ko da an goge shi an sa a leda. Don haka ba a saye sai an kunna a gabanka. A duba manet ɗin, a duba ƴar sandar nan da ake ɗorawa a kan tele, domin in babu ita ba ka iya nuna komai a allo. A duba sunan Nintendo a jiki, saboda akwai jabu farare masu kama da shi waɗanda wasanninsu ba su da kai balle gindi. Wayarsa ta tele mai baki uku ce, rawaya da fari da ja, tana shiga tsohuwar tele kai tsaye. Sabuwar tele da ba ta da wannan wuri sai an sayi ɗan mahaɗi na HDMI. Kowane manet na cin pil biyu, don haka a nemi masu caji tun farko, in ba haka ba kuɗin pil zai fi kuɗin injin. Wasannin da muka gwada kuma muka yarda da su: Wii Sports, Wii Sports Resort da Mario Kart, tseren motoci wanda ake juya manet kamar sitiyari, mutum huɗu a lokaci guda. Amma kada a ce tunda Wii ne komai nasa na yara ne. Shi ma yana da wasannin harbi masu lamba 18. A duba.

Kinect na Xbox 360 shi ba a riƙe komai ma, kyamara ce ke ganin jikinka gaba ɗaya, hannu da ƙafa. A wajen motsa jiki ya fi Wii, domin yara kan gano dabarar zama su riƙa kaɗa wuyan hannu kawai a Wii, a Kinect kuwa sai ka tashi. Akwai gudu, da ƙwallo, da dambe a Kinect Sports. Matsalarsa fili: mutum ɗaya na buƙatar kusan mita 2 tsakaninsa da tele, mutum biyu kusan mita 2 da rabi. Mai ciki da falo na haya ya auna ɗakinsa kafin ya biya. Shi ma an daina ƙera shi. Sannan Xbox 360 na farko-farko sun yi suna wajen mutuwa saboda zafi, har kamfanin ya tsawaita garantinsu zuwa shekara uku a 2007. In ƙasashen sanyi sun yi kuka da shi, ina ga Tahoua a watan Mayu, inda zafi ke haura digiri 40? Wanda zai saya ya nemi siraran da suka fito daga 2010 zuwa sama. Kuma Wii da Kinect duka ba su son hasken rana, yana rikita musu gani. In a tsakar gida za a yi, sai bayan magariba.

Switch, wanda ya fito a 2017, shi ma na Nintendo ne, kuma ga mai hali shi muka fi ba shawara. Yana da allonsa da batirinsa, in an ɗauke wuta wasa bai tsaya ba. Manet biyu ne ke zuwa a jikinsa, ana zare su kowa ya riƙe ɗaya. Yana da Nintendo Switch Sports, yana da Mario Kart, yana da ƙwallon zamani ga masu cewa su dai ƙwallo. Uba na iya sa lambar sirri ya hana wasannin da suka fi ƙarfin shekarun yara, kuma akwai manhaja ta salula da ake ƙayyade awannin wasa da ita. Amma a kula da abu uku. Akwai ƙaraminsa mai suna Switch Lite, ya fi araha, sai dai ba ya haɗuwa da tele kuma manet ɗinsa ba ya zaruwa: wannan salula ce kawai da wani suna, kada a yaudare ka da shi. Sandunan manet ɗinsa an san su da lalacewa, mutum-mutumi ya riƙa tafiya shi kaɗai ba a taɓa ba, don haka a gwada na hannu da kyau. Na uku kuma shi ne babba: tunda yana ɗaukuwa, yana iya bin yaro har gado. In ba ka kafa dokar cewa wurin kwanansa gindin tele ba, ka koma gidan jiya.

Akwai wani rami da mutane da yawa suka faɗa, har da mu. An aiko ma wani maƙwabcinmu Wii daga Amurka, yara na murna, aka soka a bango, sai ƙara da hayaƙi. Wutarmu 220 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Akwatin wutar Wii da na Xbox 360 na can ba su ɗaukar tamu sai da transfo, ko a canza akwatin da na Turai. Karanta rubutun da ke jikin akwatin wutar kafin ka soka. In za a aiko maka, ka ce a aiko na Turai: wutarmu ɗaya, yana magana da Faransanci, kuma ka tuna Wii na Turai faifan Turai kawai yake karantawa. Na Japan kuwa rubutunsa ma ba mai iya karanta maka. Cajar Switch ita ba ruwanta, tana ɗaukar kowace wuta. Sauran kula kuma sananne ne: kada a kulle injin cikin kabad yana aiki, a bar shi ya huce, a rufe shi da ƙyalle saboda ƙura. Kuma igiyar nan ta wuyan hannu ba ado ba ce. Tun watan farko da Wii ya fito mutane suka riƙa fasa tele da manet, har kamfanin ya ce zai canza igiyoyi miliyan 3 da dubu 200 da masu kauri. Mai tele guda a gida ya ɗaura ma kowa igiya.

Za a ce mana, "Ai wannan tsohon yayi ne, yaro zai raina." To, wa ke sayen? In yaro ne ke zaɓa ma gida abin da za a kashe ma kuɗi, matsalar ta wuce ta injin wasa. Mu duba lissafi. PlayStation 5 ta fito a Turai a 2020 a kan Yuro 500, wato kusan jika 328 na sefa, kafin kuɗin jirgi da na duwan. Switch 2 da ya fito a 2025 Yuro 470 ne, sama da jika 300. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne. Ke nan Play guda ta kusa albashin wata takwas na ƙaramin ma'aikaci. Mun san masu cin bashi don su saya, ba don yaro ba, don a ce gidan wane ma akwai. Wannan ba son ɗa ba ne, gasa ce da maƙwabci, kuma yaro ne ke biyan kuɗinta da barcinsa da karatunsa.

Za a kuma ce, "Wasan rawa fa? Mun ga ana tiƙar rawa a gaban tele." Gaskiya ne, kuma ba za mu ɓoye ba. Just Dance na cikin wasannin motsi da suka fi shahara, lambarsa 3 ce, kore shar. Amma waƙoƙin da ke ciki da shigar wasu masu rawar ba kowane gida ne zai yarda da su ba. Wannan ya nuna mana iyakar lambar Turawa: ita tana auna jini da zagi da tsoro bisa ma'auninsu, ba ta san kunyarmu ba. Ja na nufin a'a kai tsaye. Kore na nufin zauna ka kalla da idonka, sannan ka yanke hukunci.

Kada kuma mai shago ya ce maka wannan injin zai maye gurbin motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla awa guda ta motsa jiki sosai a kullum. Wasu masu bincike a birnin Houston na Amurka sun raba ma yara ƴan shekara 9 zuwa 12 Wii, wasu da wasannin motsi, wasu da na zaune, suka bi su kusan wata uku. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna masu wasannin motsin ba su fi sauran motsa jiki ba. Wato ajiye injin a gida kawai ba ya sa yaro ya zama ɗan kokowa. Mu ba don ya zama magani muka zaɓe shi ba. Mun zaɓe shi ne don lokacin da rana ta take, ko ruwa na zuba, ko dare ya yi, yara su sami abin yi tare a gaban idonmu. In la'asar ta yi sanyi, a kashe tele a kora su waje: ƙwallo, langa, gaɗa, tsere. Waɗannan ba su cin wuta, ba su cin pil. Ƙananan yara kuwa, hukumar nan ta ce ƴan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da su gaban allo, ƴan biyu zuwa huɗu kada su wuce awa guda.

Ga wanda ba ya da halin saye, kuma su ne mafi yawa a cikinmu, kada ka ji ka gaza. Babu yaron da ya lalace don ba a saya mishi injin wasa ba. Buhun hatsi da kuɗin lekol da magani na gaba. In babban gida ne, ƴan'uwa na iya yin karo-karo su sayi guda na hannu, a ajiye ɗakin kaka, duk jikoki su taru can. Ya fi kowa ya saya ma ɗansa nasa a kulle a ɗaki.

Wanda kuma ya riga ya sayi Play, ba mu ce ka jefar ba. Yau da dare ka ce a ɗauko ta a kawo falo. Ka zauna, ka ce yaro ya buɗe maka jerin wasannin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ka gane ba, rubuta sunansa a salula ka ga lambarsa. Duk mai 18 a goge shi a gabanka. Ka sayi manet na biyu ka ce na ƙanwarsa ne. Ka sa lokaci: ba wasa sai an yi sallah, an yi aike, an duba littafi, kuma ƙarfe kaza a kashe. Zai ɓata rai kwana biyu, ba komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya fi ba mu haushi a duk wannan magana ba injin ba ne, ba mai shago ba ne, ba ma yaran ba ne. Mu ne. Mun mai da abin wasa ɗan raino: mu saya, mu miƙa, mu tafi fada mu zauna har sha biyun dare, muna cewa yaran zamani sun lalace. Ran da za ka je saye, ka tafi da uwar yaran, ka tafi da ɗiyarka mace, ba babban ɗa kaɗai ba. Ka sa a kunna. Ka tambayi mai shago mutum nawa ke yi a lokaci guda, ƴar shekara bakwai na iyawa, wace wuta yake ci, wace lamba ke jikin wasannin. In ya ce "Alhaji, an cika shi", ka ce a zazzage a gabanka. In an kawo gida kuma, ka cire hula ka ajiye, ka ɗaura igiya a hannu ka buga da su ko zagaye ɗaya ne. In ɗiyarka ta ka da kai, ka yi haƙuri, ba kai ne na farko ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu. Mu huta lafiya.